Keken Ɗaki Ko Keken Hanya?

Hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Maraɗi ba ta cika kilomita 100 ba, Jibiya kuwa tana wajen tsakiyarta. Kusa da garin akwai Magama, inda ma'aikatan kwastan da na shige da fice suke tsaron bakin iyaka. Daga nan ne ake ƙetarewa zuwa Ɗan Isa a ƙasar Nijar. Tun zamanin kakanninmu keke yake aiki a wannan hanya. Ya ɗauki buhun gero, ya ɗauki itace, ya kai mara lafiya asibiti. Dattawanmu sun san Raleigh na Ingila, daga baya kuma Phoenix na ƙasar Sin ya shigo. A lokacin nan, ko malamin makaranta ne, ko malamin asibiti, ko mai bishara, ko ɗan koli, duk wanda ya sayi keke ya zama abin kwatance a garinsu.

Sa'ad da babur ya yawaita sai aka jingine keke a zaure, ƙura ta rufe shi. Amma abin da aka raina ya sāke yin daraja. A watan Nuwamba 2019 aka hana kai fetur gidajen mai da suke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, mutanen Jibiya suka sha wuyar mai. A watan Mayu 2023 aka janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. Mutane da yawa suka fito da tsofaffin kekunansu suka kai wa mai gyara.

Ana cikin haka wani irin keke kuma yana ta shigowa garuruwanmu. Akan gan shi a sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci, da gidajen motsa jiki na birane, da wurin masu sayar da kayan gwanjo. Yana da sirdi, yana da feda, yana da wurin riƙewa, amma ko an yini ana tuƙa shi ba ya gusawa daga inda aka kafa shi. Bahaushe ya riga ya san keken ɗinki da keken rubutu, waɗanda su ma ba sa zuwa ko'ina. Wannan sai mu kira shi keken ɗaki.

Me ya sa muke wannan magana?

Wani zai ce wannan wasan masu kuɗi ne. Amma bari mu duba gidajenmu. Hawan jini da ciwon sukari sun shiga kusan kowace zuriya. Likita yakan ba da magani, sa'an nan ya ce, "Sai ka riƙa motsa jiki." Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta bayar a 2020, ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Wato aƙalla rabin sa'a, kwana biyar cikin bakwai.

Manomin da yake hawa keke zuwa gona, ya yini da fartanya, ya wuce wannan awo nesa. Amma mai shago fa, da tela, da direba, da akawu, da dattijon da ya yi ritaya? Su ne aka ce su fita su motsa. To, ina za su fita? A shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa wannan yanki, fita bayan gari da asuba ya zama sayar da rai. A ƙarshen watan Agusta 2021 har gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda tsaro. Ko da lafiya lau ake zaune, ga tireloli da tankoki a kan kwalta, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara. Saboda haka tambayar tana da nauyi. In mutum ya tuƙa keke a cikin gida, ya sami abin da mai hawa hanya yake samu, ko kuwa yana ruɗin kansa ne?

Zuciya ba ta san hanya ba

Sa'ad da mutum yake taka feda, manyan tsokokin cinya da na ɗuwawu suna neman iska mai kyau. Huhu ya ƙara ja, zuciya ta ƙara bugawa domin ta aika musu da jini. In aka yi haka kwana da kwanaki, zuciya takan yi ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Jijiyoyin jini sukan saki, hawan jini ya ɗan sauka. Tsokoki kuma sukan iya jan sukari daga cikin jini fiye da dā. Zuciya ba ta da ido. Ba ta san ko mai ita yana kan hanyar Ɗan Isa ne ko yana tsakar gidansa ba. Abin da ta sani shi ne nauyin aikin, da tsawon lokacin da aka yi ana yinsa.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. Tun 1954 waɗansu masana biyu a ƙasar Suwidin suka fitar da hanyar auna ƙarfin zuciya da huhu ta wurin sa mutum ya tuƙa keken ɗaki na 'yan mintoci ana ƙirga bugun zuciyarsa, har yanzu kuwa ana amfani da ita. 'Yan sama jannati da suke zama wata da watanni a tashar sararin sama su ma suna tuƙa irin wannan keke, domin kada zuciyarsu ta yi rauni.

A watan Disamba 2020 aka yi gasar duniya ta farko ta tseren keken ɗaki, kowa yana tuƙi a inda yake, an haɗa su ta intanet. A wajen mata Ashleigh Moolman Pasio ta Afirka ta Kudu ta ci. A wajen maza kuwa wanda ya ci, Jason Osborne na Jamus, sana'arsa a lokacin tseren kwalekwale ce. Ƙarfin zuciya da na ƙafa da ya tara a kan ruwa su suka ba shi nasara. Wannan ya nuna mana cewa a cikin ɗaki ƙarfin jiki kaɗai ake aunawa.

To, ga amsa ta fari. Wajen zuciya, da huhu, da tsokar ƙafa, keken ɗaki yana yin abin da keken hanya yake yi, muddin aikin ya kai nauyi ɗaya. Sai dai kalmar nan "muddin" tana ɗauke da kaya.

Da me ƙafa take kokawa?

Kowa ya taɓa ganin yara sun hau keken babansu yana tsaye a kan ƙarfen nan mai ƙafa biyu da yake ɗaga tayar baya. Suna taka feda, taya tana wulwulawa kamar fanka, amma ko haki ba sa yi. Dalili kuwa, babu abin da yake riƙe tayar. Motsi ba tare da nauyi ba, ba horo ba ne.

A kan hanya abubuwa huɗu suke riƙe mai keke: iska, da ƙasar da taya take bi, da hawan tudu, da kayan da aka ɗora a kariya. Ƙasar Jibiya shimfiɗaɗɗiya ce, tudu bai cika damun kowa ba. Rairayi da iska su ne abokan kokawa. Iska tana da wata ƙa'ida mai ban mamaki. In mutum ya ninka gudunsa sau biyu, turin da iska take yi masa yakan ninku sau huɗu. Mai tafiyar kilomita 15 a sa'a, in iska mai irin wannan gudu ta taso masa daga gaba, ƙirjinsa yana karɓar turi kamar na mai gudun kilomita 30. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Shi ya sa wanda ya nufi Ɗan Isa a watan Janairu yakan ji kamar ana jan rigarsa ta baya, in ya juyo gida kuma sai ya ji keken ya yi sauƙi. Shi ya sa kuma 'yan tsere suke bin bayan juna kurkusa, gama na baya yakan rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa.

A cikin ɗaki babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai aka ƙera abin da zai tsaya a madadinsu. Waɗansu kekunan suna da faifan ƙarfe mai nauyi da wani abu kamar burki yana matse shi. Waɗansu da maganaɗisu suke aiki, waɗansu kuma fanka ce feda take juyawa. Akwai abin murɗawa da ake ƙara nauyi ko a rage. Nan ne mutane da yawa suke cutar kansu. Sai a sassauta shi sarai, a zauna ana duba waya, ƙafa tana yawo. Allon keken ya nuna kilomita 10, mutum ya sauka yana murna. Kilomitar nan lissafi ne kawai na juyawar faifai, ba daidai take da ta hanya ba.

Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne numfashi. In kana iya rera waƙa kana tuƙi, aikin ya yi sauƙi, sai ka ƙara nauyi. In kana iya magana amma waƙa ta gagara, ka sami matsakaicin da ake nema. In ko kalma uku ba ka iya haɗawa sai ka ja numfashi, ya yi tsanani ga mai farawa.

Akwai kuma inda ɗaki ya fi. Mai hawa hanya yakan huta bai sani ba. Ya saki feda a gangare, ya tsaya a shingen bincike, ya dakata garken shanu ya wuce, ya sauka ya gaisa da suruki. A ɗaki ƙafa ba ta tsayawa. Domin haka masu horar da 'yan tsere sukan ɗauka cewa ɗan lokaci a ɗaki, in an yi shi da gaske, yana iya kamo lokacin da ya fi shi tsawo a hanya.

Zafi, babban bambanci

Jikin mutum kamar inji yake, ba dukan abincin da ya ƙona yake zama aiki ba. Cikin kashi huɗu ko biyar, ɗaya kaɗai yake isa feda. Sauran duk zafi ne. Wanda yake tuƙi matsakaici, yana ba feda ƙarfin wat 100, jikinsa yana fitar da zafin wat 300 zuwa 400. Sai ka ce an kunna masa ƙwan lantarki irin na dā guda uku ko huɗu a cikin riga.

Yaya jiki yake rabuwa da wannan zafi? Uwargida ta san amsar. Randar ƙasa tana sanyaya ruwa domin tana tsattsafowa, iska kuma tana busar da tsattsafin. In aka ajiye ta inda iska take kaɗawa ruwan ya fi sanyi. In aka kulle ta a ɗakin da iska ba ta shiga, sai ta jiƙe kawai. Haka zufa take. Sai ta bushe a kan fata take kwashe zafi. Wadda ta ɗiga ƙasa ta tafi a banza.

Mai hawa hanya yana yi wa kansa fifita da gudunsa. Ko da rana tana dukansa, iska tana bin jikinsa tana busar da zufa. Mai keken ɗaki ba shi da wannan. Zufa ta yi ta zuba, har ta kai lita guda a sa'a ko fiye, jiki kuwa bai huce ba. Sai zuciya ta shiga aiki biyu, tana aika jini ga ƙafa, tana kuma aika shi ga fata domin a rage zafi. Bugunta ya yi ta hawa alhali aikin bai ƙaru ba. Mutum ya gaji da wuri, ya ga kamar ya yi babban horo, nan kuwa zafi ne ya ci ƙarfinsa. Yawan zufa ba shi ne yawan amfani ba, ba kuma kitse ne yake narkewa ba. Ruwa ne da gishiri, da an sha ruwa nauyin zai komo.

A Turai, inda ake sanyi, 'yan tsere ba sa hawa keken ɗaki sai da babbar fanka a gabansu. Balle mu, da a watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ɗakunanmu kuma da rufin kwano. Tuƙa keke a rufaffen ɗaki da tsakar ranar bazara yana iya kai mutum ga jiri da suma, musamman mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari.

Abin da ɗaki ba ya koyarwa

Keken ɗaki ba ya faɗuwa. Wannan ne amfaninsa, shi ne kuma kasawarsa. A kan hanya jiki duka yana aiki. Ido yana duban rami, kunne yana sauraron tirela daga baya, hannu yana kan burki, kugu da baya suna daidaita nauyi. Wanda ya saba ya san in taya ta shiga rairayi ba a damƙe burkin gaba, ba a kuma juya kan keke da ƙarfi. Ya san gefen hanyar da tsidau yake, wanda zai huda masa taya. Ya san yadda ake tafiya da buhu a kariya ba tare da keken ya rinjaye shi ba. Dattawa suna tuna cewa kafin ran 2 ga Afrilu 1972 hannun hagu ake bi a Nijeriya, Nijar kuwa hannun dama. Mai keke in ya ƙetare iyaka sai ya sauya hannu, in ya manta kuwa ya gamu da mota gaba da gaba. Irin wannan sani a kan hanya kaɗai ake samunsa.

Labarin wani ɗan tsere zai taimake mu. A ƙasar Faransa akwai tseren da ake yi kowace shekara zuwa garin Rube, wanda ya fi kilomita 250. Fiye da kilomita 50 na tseren a kan tsofaffin hanyoyi ne da aka shimfiɗa wa duwatsu, masu girgiza mutum har haƙori. A ƙarshen watan Fabrairu 2016 wani ɗan Ostareliya mai suna Mathew Hayman ya faɗi a wani tsere a Beljiyam ya karye a hannu, saura mako shida a yi na Rube. Ba shi da halin hawa hanya. Sai ya kafa kekensa a garejin gidansa, ya ɗora karyayyen hannun a kan tsani, ya haɗa keken da wata manhajar kwamfuta mai suna Zwift, wadda take nuna hanya a allo, ya yi ta tuƙi safe da yamma. Ran 10 ga Afrilu ya shiga tseren yana da shekara 37, ya kuwa ci, ya tsere wa Tom Boonen na Beljiyam wanda ya taɓa cin tseren sau huɗu.

Masu sayar da keken ɗaki suna son wannan labari ƙwarai. Amma akwai sashin da ba su cika faɗa ba. Hayman ya riga ya shiga wannan tsere fiye da sau goma kafin wannan shekara. Ya san duwatsun, ya san inda ake kutsawa gaba da inda ake ɓuya a bayan wani. Gareji ya tsare masa ƙarfin da yake da shi, bai bar shi ya zube ba. Gwanintar kuwa a hanya ya tara ta shekara da shekaru. Da wanda bai taɓa hawa dutse ba ne, ko ya fi shi ƙarfi, da wuya ya kai ƙarshe.

Darasin a gare mu a fili yake. Yaron da za a saya wa keken zuwa makaranta, a fili zai koya, babba yana riƙe masa sirdi, sa'an nan a nuna masa dokokin hanya. Wanda kuma ya yi wata shida yana tuƙi a ɗaki, kada ya ɗauka ya isa ya kama hanyar Katsina rana ɗaya. Ƙafarsa za ta iya, amma idonsa da hannunsa ba su saba ba.

Abu guda kuma da dukansu biyu suka gaza a kai shi ne ƙashi. A kan keke sirdi ne yake ɗauke da nauyin mutum, ƙashi kuwa sai yana ɗaukar nauyi yake ƙarfi. Saboda haka tsofaffi, musamman mata, kada su bar tafiya da ƙafa domin sun sami keke.

Keken da yake kai mutum kasuwa

A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya buga binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas na birnin Landan. Direbobi suna zaune yini guda, kwandastoci kuwa suna hawa da sauka a matakalar bas mai bene suna karɓar kuɗi. Ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Kwandastocin nan ba su je gidan motsa jiki ba, aikinsu ne yake motsa su. A 2017 kuma masana na Jami'ar Gilasgo suka buga binciken da ya bi mutum fiye da 260,000 a Birtaniya har wajen shekara biyar. Masu zuwa aiki a kan keke, haɗarin mutuwarsu cikin wannan lokaci ya yi ƙasa da na masu zuwa a mota da kashi 41 cikin 100. Hanyoyinsu ba irin namu ba ne, amma abin da binciken ya koya mana ya shafe mu.

Motsa jikin da ya fi amfani shi ne wanda ba a dainawa. Keken hanya yana da dalilin hawa kowace rana. Zai kai ka shago, ya kai ka gona, ya kai ka gaishe da mara lafiya, kuɗin mai kuma ya zauna a aljihu. Ana gaisawa da mutane, ana ganin yadda gero ya yi a gonakin maƙwabta, rai yana sakewa. Keken ɗaki ba shi da dalili sai niyyar mai shi. Minti goma a kansa kamar sa'a guda yake. Gidaje nawa ne a birni inda keken nan ya zama wurin rataye tawul da shanya kayan yara? Kafin maigida ya kashe kuɗin da zai isa buhunan hatsi, ya kamata ya tambayi kansa ko zai jure.

Wa ya kamata ya hau wanne?

Mai lafiya, wanda ya iya keke, wanda kuma hanyarsa take da kwanciyar rai, ya hau hanya. Ya fita bayan gari ya waye, ya komo kafin duhu. Ya bi inda mutane suke, ya tambayi labarin hanya kafin ya yi nisa, gama halin tsaro yakan sauya. Burki ya kasance yana ci, ƙararrawa tana ƙara, tufafi kuma masu haske domin direba ya hango shi.

Keken ɗaki kuwa alheri ne ga waɗanda hanya ta fi ƙarfinsu. Akwai wanda aka yi wa aiki a gwiwa, da wanda yake farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki, waɗanda ma'aikatan gashin ƙashi sukan ɗora a kansa da lura. Akwai mai nauyin jiki wanda gudu yake ci masa gwiwa. Akwai makaho, da dattijon da jiri yake ɗiba. Akwai uwargidan da ba ta koyi keke tana yarinya ba, ba ta kuma son a yi ta kallonta a titi. Mace mai ciki ma, in ungozoma ko likita sun yarda, keken da ba ya faɗuwa ya fi mata. Mai asma kuma, ranar da hazo ya rufe gari, gara ya tuƙa a inda ƙura ba ta kai ba, gama mai motsa jiki yana shaƙar iska ninkin ba ninkin na wanda yake zaune.

Mutum ɗaya ma yana iya haɗa su. Ya hau hanya sa'ad da hali ya yi, ya koma gida sa'ad da ruwa, ko ƙura, ko tsoro suka hana. Abin da Hayman ya yi ke nan.

In za a kafa shi a gida

Ba lalle sai an sayi na kanti ba. Mai walda yana iya ƙera ƙarfen da zai riƙe keken gida daram, ya ɗaga tayar baya, da ɗan gangan ƙarfe mai juyawa wanda zai matsa tayar domin a sami nauyi. In za a fita sai a kwance keken. A sani dai wannan yana cin taya, gara a sa tsohuwa. Ga waɗansu abubuwan kiyayewa.

1. A kafa shi inda iska take ratsawa, a rumfa ko a gindin darbejiya a tsakar gida. In a ɗaki ne, a buɗe taga, a sa fanka tana hura ƙirji da fuska. Kada a tayar da janareta a cikin ɗaki ko bakin taga domin fanka, hayaƙinsa yana kisa.

2. A yi da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi. A sha ruwa kafin a hau, a kuma ajiye wani kusa.

3. A daidaita sirdi. In feda ta kai ƙasa, gwiwa ta kusa miƙewa amma da ɗan lanƙwasa. Sirdin da ya yi ƙasa yana kawo ciwon gwiwa.

4. A fara da minti goma, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan kowane mako har a kai rabin sa'a. Sannu ba ta hana zuwa.

5. Mai ciwon sukari ya sa takalmi, ya duba ƙafarsa bayan ya sauka. In yana allura ko shan magani, ya ajiye ɗan abin zaƙi kusa saboda sukari yana iya faɗuwa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini mai tsanani ya nemi shawarar likita tukuna. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya sauka nan da nan ya nemi asibiti. Keke ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

6. A kiyaye yara. Taya da kaca masu juyawa suna iya datse yatsan mai rarrafe cikin ƙiftawar ido. In an gama a ɗaure tayar ko a rufe keken.

7. A goge zufa daga jikin keken, gishirinta yana sa tsatsa.

Domin kada kaɗaici ya kashe niyya, a kunna rediyo, ko maigida da uwargida su riƙa karɓa-karɓa, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana duba agogo. Maƙwabta biyu ko uku ma suna iya haɗa kuɗi su ƙera guda ɗaya.

Masu karatu, mun ga inda kekunan nan biyu suka yi daidai da inda suka rabu. Ga zuciya da ƙafa kusan ɗaya suke, in an sa nauyi, an kuma sami iska. Wajen gwaninta, da biyan bukatar gida, da daɗin rai, na hanya yana gaba. Wajen tsira daga mota, da ƙura, da mugun mutum, na ɗaki yana gaba. Wanda likita ya ce ya motsa jiki, kada ya zauna jiran ranar da hanya za ta gyaru, gama hawan jini ba ya jira. Ya duba wanda yake iya yi a cikin biyun, ya fara da minti goma gobe da safe.